Lissafin Gudun Wuƙar Injin Datsa Kara

Da rani, idan ciyawa ta yi wuya, injin datsa kara da harawa ba ya hutawa a kasuwannin dabbobi na kan iyaka. Wasu masu inji sukan sauya fuli, wato garen da bel yake hawa, domin aiki ya yi sauri. Kafin a yi haka, wajibi ne a san gudun da wuƙar za ta koma yi.

Da farko a nemo juyin wuƙa. Yawancin ƙananan injunan fetur suna juyawa har sau 3,600 a minti. A ninka wannan adadi da faɗin fulin inji, a raba da faɗin fulin wuƙa. Idan na inji santimita 10 ne, na wuƙa kuma 20, wuƙar tana juyawa sau 1,800 a minti.

Sannan a nemo gudun bakinta. A auna faɗin da'irar da wuƙar take zanawa, a ce santimita 40. A ninka da 3.14, a sami kusan mita 1.26 a kowane juyi. A ninka da 1,800, a raba da 60: mita 38 ke nan a daƙiƙa ɗaya, wato kimanin kilomita 136 a awa.

Idan aka mayar da fulin inji santimita 20, gudun zai ninka biyu, amma ƙarfin da yake fizgar wuƙa daga kusoshinta zai ninka huɗu. A nan ne ƙarfe yake tsagewa, tsakuwa kuma ta fita kamar harsashi ta sami ido. Saboda haka kada a wuce iyakar juyin da kamfani ya rubuta a jikin inji.

Kada a cire murfin bel ko na wuƙa. A nisanta yara, a naɗe hannun riga, a ɗaure mayafi. Idan kara ya cushe, a kashe inji, a zare wayar fulogi, a jira wuƙa ta tsaya cik.

Idan tsautsayi ya auku, a danne raunin da ƙyalle mai tsabta, kada a zuba ƙasa, toka ko baƙin mai. A garzaya asibiti mafi kusa, a nemi allurar rigakafin tetanus. Abin da ya soki ido kuwa, kada a murza, kada a ciro. Wannan aikin likita ne.