Kifin da ba a so: a yi tambaya kafin a nema masa sabon gida

Kowace shekara, daga watan Maris zuwa Mayu, tabkunan Adar da Majiya suna ja da baya. Daga Sabon Gida a ƙasar Madawa har zuwa Buza da Keita, ruwan da damina ta tara a fadamu da bayan madatsu yakan ƙafe, ya bar taɓo. A lokacin ne masunta ke kwashe kifi. Manya su tafi kasuwa, ɗanye ko banda ko soyayye, ƙananan da ba su kai a saya ba kuwa a bar wa zalɓe da balbela. Duk mai tausayi, ko mai lissafin riba, da ya ga wannan asara sai ya ce me zai hana a ɗebe su da ransu a zuba a ruwan da ba ya ƙafewa. Sau da yawa yin hakan alheri ne, amma akwai inda ya zama ɓarnar da ba ta gyaruwa.

Yawancin kifin Adar baƙo ne

Majiya da Tarka ba sa gudu sai da damina, kuma tabkunan jahar Tawa ba su haɗe da wani kogi mai ruwa rani da damina ba. Gaiwa ta san dabarar zama a irin wannan ƙasa: in ruwa ya ƙafe sai ta shige cikin laka, ta lulluɓe jikinta da yauƙi, ta kwanta wata da watanni har ruwan sama ya dawo. Karfasa da giwan ruwa ba su da wannan baiwa, hannun mutum ne ya kawo su. Haka aka yi a tabkin Ɗan Dutsi, wanda ya zama mai ruwa dindindin bayan daminar 1974, haka kuma a Tabalak, inda matafiyi a hanyar Tawa zuwa Agadas ke samun soyayyen kifi a bakin titi. Tabkunan biyu sun shiga jerin Ramsar na wuraren ruwa masu daraja a duniya a 2005. Furoje Keita, da aka soma a 1984 da kuɗin Italiya da jagorancin hukumar FAO, ya gina gomman madatsu, ya ƙara wa yankin wuraren da kifi zai iya zama.

Ke nan sauya wa kifi mazauni sana'a ce da ta ciyar da gidaje a Adar. Abin lura shi ne wane kifi aka zuba, a wane ruwa, kuma wa ya yanke shawara.

Inda tausayi da riba suka jawo asara

A teku akwai wata halitta ƴar'uwar ƙaguwa, mai manyan hannuwa biyu kamar awartaki, wadda Faransawa ke kira omar. Ana sayar da ita da ranta, don haka wanda ya saya ya kasa yanka ta yakan rasa inda zai kai ta. A ruwan tabki ba ta rayuwa, sai ruwan gishiri mai sanyi. A watan Yunin 2015 wasu mabiya addinin Buda suka sayi omar ƴan asalin Amurka fiye da 300, haɗe da ƙaguwoyi, suka sake su a tekun Ingila kusa da birnin Biraiton don neman lada. Hukuma ta ji tsoron baƙin su kawo cuta ko su danne na gida, sai ta sa wa masunta lada su kamo su, amma ba a same su duka ba. A 2017 kotu ta ci mutum biyu tarar dubban fam.

Abin da ya faru a tabkin Biktoriya, tsakanin Uganda da Kenya da Tanzaniya, ya fi wannan muni. A shekarun 1950 aka zuba masa giwan ruwa, kifin da a kogin Isa da tabkin Cadi ɗan gida ne, wanda kuma yakan wuce kilo 100. Ya yi shiru kusan shekara 30, sannan a shekarun 1980 ya cika tabkin. An buɗe masana'antu, an fitar da namansa zuwa Turai, wasu sun yi arziki. Amma daga cikin ire-iren ƙananan kifi kusan 500 da babu su ko'ina a duniya sai a can, kimanin 200 sun ɓace, kuma su ne talaka ke shanyawa a rana ya ci da iyalinsa. Kifi dai in ya shiga ruwa mai faɗi, babu komar da za ta fitar da shi duka.

Abin da ya kamata a sani

Kowane kifi da halinsa. Karfasa tana renon ƙwai a bakinta, tana haihuwa da yawa, in ta cika ƙaramin tabki ita kaɗai sai abinci ya kasa, ta tsaya ƙanana, ba ta da kasuwa. Tarwaɗa tana shaƙar iska, tana jure tafiya cikin duro fiye da kowa, amma tana cin ƴaƴan wasu. Giwan ruwa kaɗan yakan rage cunkoson karfasa, in ya yi yawa ya share tabkin. Ruwan da aka ɗauko kifi a ciki shi ma yana da nasa fasinja: ciyawa, cututtukan kifi, da ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da tsargiya, wadda ke sa yara fitsarin jini.

Ɗaukar kanta tana da ƙa'ida. Ana yin ta da sanyin asuba, ba a cika duro da kifi, ba a ba su abinci kafin tafiya, in an isa kuma a riƙa gauraya ruwan duro da na tabki sannu a hankali kafin a sake su.

Sannan tabki ba na mutum ɗaya ba ne. Makiyayi yana shayar da dabba a ciki, mai lambun albasa yana ban ruwa, mata suna ɗiba. Ɗan kasuwa mai mota da duro, ko ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki yana da ƴan kifi a kwalbati a gida, kafin ya juye su a ruwan jama'a sai ya fara zuwa wurin ma'aikatan ruwa da gandun daji na gundumarsa, waɗanda su ne ke ba da takardar su, su ne kuma ke jagorantar zuba kifi a tabkuna. Ya kuma sanar da mai gari da sarkin ruwa. In sun ce ruwan ya dace, ƙananan kifin da za su mutu a laka cikin Afrilu za su zama jarin baɗi. In sun ce bai dace ba, tukunya ta fi masa tabkin.