Amanar Takardun Yaran Shago

'Yan kasuwa da dillalai na Ketare, Kankara, Faskari da Sabuwa. Yau ban da farashin hatsi muna da magana a kan wani kaya da ba a auna shi da tiya, watau bayanan yaran da ke yi mana aiki.

Kowa ya san yadda ake yi. In mutum zai ɗauki yaron shago, ko mai gadin sito, ko wanda zai riƙe masa na'urar POS, sai ya karɓi hotonsa, da lambar wayarsa, da takardar NIN, wani har da BVN, da sunan wanda ya tsaya masa. Wannan ba laifi, tun da dukiya za a ba shi riƙo. Amma ina takardun nan suke kwana? Da yawanmu cikin littafin bashi muke cusa su, mu bar littafin bisa buhu, kowa ya zo ya buɗa. Wani kuwa hoto yake ɗaukarsu ya tura a WhatsApp.

To, yanzu akwai doka a kan haka. A watan Yuni 2023 Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC a Abuja. Kada a ce ai ta bankuna ce da manyan kamfanoni kaɗai. Bayanin da mutum ya ajiye don sha'anin kansa da gidansa dokar ta ware shi, amma wanda ya ajiye don kasuwanci ya shiga ciki.

Ga abin da ta nema. Na farko, ka gaya wa yaro dalilin karɓar bayaninsa, kada kuma ka juya shi ga wani abu dabam. Na biyu, ka karɓi gwargwadon bukata. Wanda ake biya kuɗi hannu, me za ka yi da BVN ɗinsa? Na uku, ka tsare abin da ka karɓa, takarda a akwati mai kwaɗo, waya da lambar sirri. Na huɗu, in ya nemi ganin abin da ka rubuta a kansa, ka nuna masa, in da kuskure ka gyara. Na biyar, in ya bar aiki, lissafi ya ƙare, kada ka ci gaba da riƙe takardunsa ba dalili. Ka mayar masa, kwafin ka ƙone. In kuwa bayanan suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da masu su, a sanar da hukumar cikin awa 72. Tarar ƙaramin mai sana'a tana iya kaiwa Naira miliyan 2, ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin da ya shigo masa a shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa.

Amma mu nan mun san abin da ya fi tara ban tsoro. Ba mu manta da ɗaliban makarantar kimiyya ta Kankara da aka kwashe a Disamba 2020 ba. A Satumba 2021 kuma aka rufe layukan waya a ƙananan hukumominmu, don a raba 'yan bindiga da masu kai musu rahoto. Takardar da ta nuna wane yaro ke ɗaukar kuɗi zuwa kasuwar Sheme ko Dandume, da ƙauyensu, da sunan ubansa, ai ta rage wa infoma aiki. Ɗan damfara kuwa da NIN da BVN yake neman cin bashi da sunan wani, mai sunan yana barci. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Saboda haka, kafin kasuwa mai zuwa kowa ya zazzage littafinsa. Takardun waɗanda suka bar aiki a sallame su, na waɗanda ke nan a kulle. Dillalin da ya kawo yaro, kai ma ka kama bakinka. Albashinsa da tafiyarsa ba hirar teburin mai shayi ba ce. Yaron nan muna tambayarsa kowane kwabo da ya riƙe mana, mu ma za a tambaye mu abin da muka riƙe nasa.

Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya tsare mu a hanya. Amin.