Yashi, Laka da Birkin Mota a Hanyoyin Sabon Birni da Isa

Duk wanda ya bar kwaltar da ta taso daga Sakkwato ta bi Goronyo zuwa Sabon Birni da Isa, ya nufi ƙauyukan bakin iyakar Nijar, ya san ƙasa iri biyu ce ke jiransa. Da rani yashi ne mai laushi, da damina kuma lakar fadamar Gulbin Rima da ta Gulbin Maraɗi. Shi ya sa Hilux da Land Cruiser suka zama abin dogaro a wannan yanki na Gobir. Sai dai hirar masu mota ba ta wuce inji da taya, alhali birki ne ya fi komai shan wuya.

Dalilin yana cikin ƙirar motar. Yawancin Hilux birkin faifai ne a ƙafafun gaba, na ganga a na baya. Faifai a buɗe yake, yana juyawa yana watsar da datti. Ganga kuwa rufaffiya ce: in ruwan laka ya shiga, ruwan ya bushe, yashin ya zauna a ciki yana cin takalmin birki kamar dutsen niƙa. Lissafin kilomita da ke cikin littafin mota bai isa a nan ba. Takalmin da zai daɗe a titunan Kano yana iya ƙarewa cikin damina guda a hanyar Gatawa. A ganina, da zarar ruwa ya ɗauke, wajen watan Oktoba, a kwance ƙafafun nan huɗu, ko an ji ƙara ko ba a ji ba. Sabuwar fatar birkin gaba kaurinta kan kai milimita 10 zuwa 12. In ta sauko zuwa 3, a canza. Kuma hagu da dama tare, domin canza ɓangare ɗaya na sa mota fizga gefe in an taka da ƙarfi.

Abin da ya fi damuna shi ne man birki, don ba a ganin lalacewarsa. Man DOT 3 da DOT 4 suna shan danshi daga iska. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205 a ma'aunin Salsiyos, amma in ya sha ruwan da bai kai kashi 4 cikin 100 ba, yana iya tafasa a 140. Na DOT 4 kuwa daga 230 yake saukowa zuwa 155. Ka ɗauki mota maƙare da buhunan gero da fasinja, cikin zafin Afrilu, direba na ta taka birki: in man ya tafasa, tururi ne ke cika tiyon birki, ƙafa ta nutse har ƙasa, motar ba ta tsaya ba. Maganinsa mai araha ne: a zubar da tsohon mai duk shekara biyu, a fitar da iska, a sa sabo daga gwangwanin da ba a taɓa buɗewa ba. Man inji ko na giya kuwa, in ya shiga, kumbura robobin birki yake yi har su lalace.

Akwai dabarar daji da ba na yarda da ita ko kaɗan. Tiyo ya fashe a hanya, sai a matse shi ko a toshe da ƙusa, a ci gaba da birkin ƙafa uku. Don a fita daga wuri mai haɗari, an fahimta. Abin takaicin shi ne a isa gari lafiya, a manta, a yi lodi washegari.

Maganar haɗari kuma ba ɓoyayya ba ce. Tun harin da aka kai wa matafiya a kusa da Gidan Bawa a Disamban 2021, inda aka ƙona mutane cikin mota, direban wannan hanya ba ya son rage gudu ko tsayawa. Ba na ganin laifinsa. Amma in gudu ya ninka biyu, tazarar da mota ke buƙata kafin ta tsaya ninkawa take yi sau huɗu. Wanda tsoro ya tilasta masa gudu ya fi kowa buƙatar birki mai kyau.

Kayan gyara na zuwa daga kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano, na ƙwarai da jabu a kwali iri ɗaya. Fatar da arharta ta yi yawa abin tuhuma ce. Tana iya ɓallewa daga ƙarfenta in ta ɗauki zafi. Tsohuwar fatar gwanjo ba abin sakawa ba ce. Bakanike kuma kada ya hure ƙurar ganga da baki ko da injin iska, don wasu fatun har yanzu da asbestos a ciki, mai illa ga huhu. Ya wanke ta da ruwa.

Sauran aikin na direba ne. In an haye gulbi, a tafi a hankali ana ɗan taka birki har ya bushe. A gangare a sa ƙaramin giya, inji ya riƙe motar. In an kwana bayan shiga laka, kada a ja birkin hannu, don takalmi kan manne da ganga kafin safiya. A bar motar cikin giya, a tokare taya da dutse.