Ko Kun Sani? Nama da Madara Ba Sa Haɗuwa a Tukunyar Bayahude

Ko kun san Bayahude mai kiyaye dokar abinci ta kosha ba ya cin nama da madara a zama ɗaya? Sau 3 Attaura ta hana dafa ɗan akuya cikin nonon uwarsa. Daga nan malamansu suka faɗaɗa hukuncin, har naman kaza ya shigo ciki.

Abin burgewa shi ne yadda suke riƙe dokar a madafa. Tukunyar nama daban, ta madara daban, haka cokula da wuƙaƙe, har soson wanke-wanke. Wanda ya ci nama sai ya jira kafin ya taɓa cuku ko man shanu. Yawancinsu awa 6 suke jira, Yahudawan Jamus awa 3, na Holan kuwa awa 1. Kifi da ƙwai ba ruwansu, sun shiga kowane ɓangare a wannan hukunci.

Kuma ba kowane nono suke sha ba, sai na dabbar da namanta ya halatta gare su. Na saniya, akuya da tunkiya ya halatta. Nonon raƙumi, wanda ake daraja a Agadas, haramun ne a wurinsu.