Gigin tsufa: Haɗarin da ke cikin ɗura wa tsofaffi maganin barci

Idan tsoho ya fara manta sunayen jikokinsa, ko ya riƙa tashi cikin dare yana neman hanyar gona, a gidaje da dama akan ce gigin tsufa ne. Wasu kuma su danganta shi da sammu ko aljanu.

Sau da yawa cutar mantuwa ce, wadda ke lalata ƙwayoyin ƙwaƙwalwa sannu a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ne ke ɗauke da ita, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin arziki.

Masu jinya kan gaji, su kwana ba su rintsa ba, sai wasu su garzaya kemis neman abin da zai sa Baba ko Inna barci. A nan haɗarin yake.

Abin da ya faru a Birtaniya

A 2009, Farfesa Sube Banerjee ya miƙa wa gwamnatin Birtaniya rahoto kan magungunan taɓin hankali da ake bai wa masu cutar mantuwa don su natsu. Ya ƙiyasta cewa mutum 180,000 ne ke shan su, amma waɗanda suke amfana ba su wuce 36,000 ba. Magungunan kuma na janyo mutuwar kimanin mutum 1,800 a shekara.

Tun a 2005 hukumar kula da magunguna ta Amurka, FDA, ta yi gargaɗin cewa irin su risperidone da olanzapine na ƙara haɗarin mutuwa ga tsofaffin da ke da cutar. Shi ma diazepam yana ƙara musu ruɗewa, yana sa su jiri har su faɗi su karye.

A fara neman dalili

Tsohon da ya kasa faɗin abin da ke damunsa yakan nuna shi ta hanyar faɗa ko ihu. Ciwon gaɓoɓi, ciwon sanyin fitsari, kasa bayan gida, ƙishirwa ko raunin ji duk suna iya tunzura shi. Wani bincike da aka yi a gidajen kula da tsofaffi na Norway a 2011 ya nuna cewa magance ciwon jiki, galibi da paracetamol, ya rage musu tashin hankali.

Kada a yi gardama da shi idan ya kira sunan wanda ya rasu. A bar fitila a ɗakinsa da dare, a riƙa zama ana hira da shi.

Idan har maganin ya zama dole, likita ne zai rubuta kaɗan, na ɗan lokaci, yana kuma duba shi akai-akai. Wanda ya riga ya fara sha, kada a tsayar masa lokaci guda ba da sanin likita ba.

A Najeriya, dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanya wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin ta 1958, ta kuma tanadi kare mutuncin marasa lafiya. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa da ke Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri. Mai zuwa ganin likita ya tafi da duk magungunan da tsohon ke sha, har da na gargajiya.