Jiki Ma Yana Da Makarantarsa: Daga Langa Zuwa Fareti Da Rawar Zumunta

Kowane uba da uwa sun san ɗawainiyar da ake yi kafin yaro ya iya abacada. Abin da ba mu cika lura da shi ba shi ne, jiki ma yana da tasa abacadar: gudu, tsalle, jifa, cafewa, tsugunno da tsayuwa da ƙafa ɗaya. Masana renon yara sun nuna cewa galibi tsakanin shekara 2 zuwa 7 ne ake kafa harsashin waɗannan, kuma ba su zuwa cikakku da kansu sai an yi ta maimaitawa. Yaron da ya ƙare waɗannan shekaru a zaune gaban talabijin ko wayar mamansa, zai girma yana jin nauyin jikinsa, yana gudun filin wasa domin kada a yi masa dariya. Icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Abubuwa uku

Na fari shi ne sakewar gaɓoɓi. Idon sawu, gwiwa, ƙugu da kafaɗa suna da iyakar da Allah ya ba su ta lanƙwasa, amma gaɓar da ba a kai ta iyakarta a kai a kai takan sandare. Ga gwaji mai sauƙi: ka tsuguna har ƙasa ba tare da dunduniyarka ta ɗaga ba. Kaka mai wanke-wanke a tsugune tana yi ba wahala, alhali ma'aikacin ofis ɗan shekara 35 yakan nemi bango ya dafa.

Na biyu shi ne haɗin kan ido da hannu da ƙafa. Domin mutum ya tsaya daram, ƙwaƙwalwa tana karɓar labari daga wuri uku: daga ido, daga can cikin kunne inda ma'aunin daidaito yake, da kuma daga tafin ƙafa da gaɓoɓi. Wani sashen ƙwaƙwalwa da ke wajen ƙeya ne yake haɗa wannan labari ya gyara motsi nan take, kuma da maimaici yake ƙwarewa.

Na uku shi ne bin kiɗa, wato sanin lokacin da za a ɗaga da lokacin da za a sauke. Matan da ke lugude a turmi guda sun san wannan sarai, gama in ɗaya ta saɓa, taɓare za su gwabza. Manoman gayya ma sun san abin da ya sa ake kiran mai ganga gona.

Makarantar dandali

Iyayenmu ba su da ɗakin motsa jiki, duk da haka sun bar mana makaranta cikakkiya. A langa yaro yakan riƙe ƙafa ɗaya ta baya da hannu, yana tsalle da ɗayar, yana kuma ture abokin karawa ba tare da ya saki ba; da wuya a sami darasin daidaito da ya fi wannan. 'Yar gala-gala tana koyar da auna nisa da dira daidai. Carafke yana wasa ido da yatsu, tun da sai an wurga dutse sama, a kwashi na ƙasa, a kuma cafe na saman kafin ya faɗi. Gaɗa ta haɗa tafi da taku da murya. Duk waɗannan ba su cin ko sisin kwabo, sai dai fili, fili kuwa yana ƙarewa a garuruwanmu yayin da gini yake cinye dandali.

Gadon ikilisiya

A shekara ta 1883, a birnin Glasgow na ƙasar Sikotilan, wani malamin makarantar Lahadi mai suna William Alexander Smith ya rasa yadda zai yi da samarin ajinsa marasa natsuwa. Da yake shi hafsa ne a rundunar sojan sa-kai, sai ya haɗa musu fareti da koyarwar Littafi Mai Tsarki. Haka aka haifi Boys' Brigade, wadda ta iso Nijeriya a 1908. Girls' Brigade kuma ta fara a Dublin ta ƙasar Ailan a 1893, daga motsa jikin da aka shigar cikin koyon waƙa na 'yan mata. Tsarinta mai kusurwa huɗu, wato ruhu, jiki, ilimi da zaman jama'a, ya dogara ga Luka 2:52, inda aka ambaci girman Yesu ta wajen jiki tare da hikimarsa.

Saboda haka faretin 'yan birged da muke kallo ran biki yana da aikin da ya wuce ado. Tafiyar fareti wajen taku 120 ce a minti guda, wato biyu a daƙiƙa. Yaro yana sauraron ganga, yana kaɗa hannun dama tare da ƙafar hagu, yana duban layi ta gefen ido, yana kuma jiran umarnin juyawa. Haka ma Zumuntar Mata: mai buga tulu, mai kaɗa caki, da masu rausayawa suna takawa zuwa wurin baiko, dukansu suna horon jiki ko da ba su kira shi haka ba. Maryamu 'yar'uwar Musa ta ja mata da ganga da rawa a bakin teku, Dawuda kuma ya yi rawa a gaban akwatin alkawari.

Abin da ya shafi tsofaffinmu

Maganar ba ta yara kaɗai ba ce. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa tana kashe mutum wajen 684,000 kowace shekara, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne suka fi yawa a ciki. Kowace ikilisiya ta san wani baba ko wata mama da santsin bayi ya kayar, ƙashin ƙugu ya karye, daga nan aka daina ganinsu a sujada. A shawarwarinta na 2020, hukumar ta ce yara 'yan shekara 5 zuwa 17 su sami aƙalla minti 60 na motsa jiki kullum, manya minti 150 zuwa 300 a mako, masu shekara 65 zuwa sama kuma su yi horon daidaito da ƙarfi kwana 3 ko fiye a mako.

Me za mu yi?

Malaman makarantar Lahadi su ware minti 15 domin langa, tsallen igiya da tafi, su kuma ja yaro mai noƙewa a jiki maimakon a bar shi gefe. Dattawan ikilisiya su yi tunani sau biyu kafin su mai da sauran filin majami'a shaguna ko wurin ajiye motoci. Shugabannin zumunta su fara taro da juya wuya, kafaɗa da idon sawu, da tashi daga benci sau 10, a ƙoƙarta ba dafawa. Tsoho ya riƙe bayan kujera ya tsaya da ƙafa ɗaya daƙiƙa 10, sa'an nan ya sauya. Mai hawan jini, ciwon zuciya ko jiri ya fara tuntuɓar likita.

Manzo Bulus ya koya wa Korantiyawa cewa jikin mai bi mazaunin Ruhu Mai Tsarki ne. Gidan da aka ba mu amana kuwa ba a barinsa ya zube. Ubangiji ya ba mu lafiyar yi masa hidima, tun daga ƙuruciya har furfura. Amin.