Kundayen Ajami na Arewacin Zazzau da Abin da Aikin Ceto Adabin Yidish Ke Nunawa

A shekarar 1980 wani ɗalibi a Amurka mai suna Aaron Lansky ya fara bin gidajen tsofaffin Yahudawa yana karɓar littattafan Yidish da jikokinsu ba sa iya karantawa. Yidish harshe ne na Yahudawan gabashin Turai, ana rubuta shi da haruffan Ibrananci, kamar yadda aka daɗe ana rubuta Hausa da haruffan Larabci. Masana na lokacin sun yi hasashen cewa abin da ya rage bai wuce littattafai 70,000 ba. Cibiyar da ya kafa a Amherst ta tara fiye da miliyan ɗaya.

Wannan adabi ya yi asarar masu karanta shi a kisan kiyashin 'yan Nazi, sannan ya yi asarar manyan marubutansa a hannun Stalin. A ranar 12 ga Agusta 1952 aka harbe mutum 13 a kurkukun Lubyanka da ke Mosko, cikinsu har da Peretz Markish da David Bergelson da Itzik Feffer. Saboda haka masu tattara Yidish suka ɗauki adana littafi da tunawa da marubucin da aka zalunta a matsayin aiki guda.

Ƙasar Zazzau tana da nata misalin, ko da yake girman musibar ba ɗaya ba ne. Sarkin Zazzau Aliyu Ɗansidi, wanda ya hau gadon sarauta a 1903, shahararren marubucin waƙoƙi ne cikin ajami, kuma manazarta sun san Tabarƙoƙo da Waƙar Diga, inda habaici ya zame masa mafaka wajen faɗin abin da ba ya faɗuwa a gaban Razdan. Turawa suka tuɓe shi, suka kai shi Lakwaja, can ya rasu a 1924. Layin dogon da ya waƙe, wanda ya isa Kano a 1911, ta arewacin Zariya ya ratsa, yankin da a yau ya ƙunshi Kudan da Makarfi, kuma talakawan ƙasar ne aka tilasta wa aikinsa. Abin tambaya shi ne, me malaman ƙauyukan wannan yanki suka rubuta game da zamanin, tun da sarki ba shi kaɗai ke riƙe da alƙalami ba?

An yi ƙoƙari a baya. Shirin Binciken Tarihin Arewa na Jami'ar Ahmadu Bello, ƙarƙashin jagorancin Abdullahi Smith, ya tara rubuce-rubuce masu yawa tun shekarun 1960, haka ma Gidan Arewa da aka kafa a Kaduna a 1970. Sai dai hankalin masu wannan aiki ya fi karkata ga littattafan Larabci na masu jihadi da wasiƙun fada, domin tarihin daula suke nema. Waƙar wa'azi da wani alaramma ya rubuta a Hunƙuyi, ko takardar bashi ta wani fatake a Ikara, ba su cika shiga lissafi ba. A ganina nan ne giɓin nazarin Hausa ya fi faɗi.

Akwai bambanci guda da ya wajaba a lura da shi. Littattafan Yidish bugun inji ne, idan kwafi ɗaya ya salwanta akwai ɗaruruwa a wani gari. Kundin ajami kuwa rubutun hannu ne, sau da yawa shi ke nan tilo, ganyayensa ba a ɗinke ba, yana cikin gafaka ko adaka, ga gara ga yoyon damina. Idan malami ya rasu, magada kan raba ganyayen don neman albarka, sai farkon waƙa ya tafi wani gida, ƙarshenta mai ɗauke da sunan marubuci da ramzin shekara ya tafi wani. Don haka dabarar Lansky ta loda littattafai a mota ba za ta yi a nan ba. Abin da ya dace shi ne a ɗauki hoton kowane shafi a zauren mai shi, a bar masa kayansa, a rubuta daga wa ya gada, sannan a naɗi muryar dattijon da ya san karin da ake rera waƙar da shi. Wasalin ajami ba ya nuna karin sauti, kuma yakan rikita wasu baƙaƙe, ta yadda mai juyawa zuwa boko ba tare da jin rerawa ba yana iya sauya ma'anar baiti sukutum.